Dalilin da Ya Sa Gashi Ke Ɓoye Tsawonsa

Dalilin da ya sa gashi yake ƙanƙancewa da zarar ya sha ruwa, shi zan gaya muku yau, tun da Hindatu ta ƙi daina turo baki. Ku dube ta. Wai jiya da aka tsefe mata kai gashinta har kafaɗa, yau an wanke ya koma kamar hular saƙa. Ƙawata, ba wanda ya rage miki ko sili ɗaya. Zo ki zauna a gabana, ku kuma ku matso inuwa ku bar tsokanarta. Abin nan yana da asali.

A can da, gashi yana da baki. Ba ya ɗaga murya, magana yake yi a hankali dab da kunnen mai shi, ita kaɗai take ji. In ya ji ƙishirwa sai ya ce, “Uwar ɗakina, ruwa,” a kai shi rafi. In ya bushe ya ce, “A ɗan shafa mini mai,” a lakato masa man shanu. In mai kitso ta ja shi da yawa ya ce, “Gaya mata ta sassauta,” mai kitso kuwa ta sassauta. Sannan ba ya ɓoye komai. Iyakar tsawon da Allah ya ba shi, shi yake nunawa, a jiƙe ko a bushe. Mai dogo tana da dogo, mai gajere tana da gajere, babu wadda ta damu, don ba a taɓa tunanin gwada shi da na wata ba, kamar yadda ba kwa gwada tsawon kunnuwanku.

To, akwai wani gari na manoman auduga, ana ce masa Rafin Taura. Matan garin duk masu kaɗi ne, amma babu kamar wata da ake kira Kyallu. In Kyallu ta ɗauki ɗan curin auduga ta murza mazari, zare yake fitowa siriri, santala, ba ƙulli ba tsinkewa, har masaƙa suna rige-rigen zuwa ƙofar gidanta. Gashinta kuwa baƙi ne wuluk, mai cika, amma iyakarsa wuya. Ta rayu da shi haka lafiya lau, suna hira da dariya, bai taɓa tsone mata ido ba.

Al'adar matan garin ce in an gama cirar auduga su yi gayyar kaɗi a gindin wata tsamiya. Kowa ta zo da mazarinta da ɗan allin da ake shafa wa yatsu, a yini ana kaɗi ana hira. A wata irin gayyar nan ne ɗankwalin Kyallu ya zame, maƙwabciyarta Barmani ta kai ido. Barmani ba ta da mugun nufi, bakinta ne dai ba shi da linzami.

Ta ce, “Ikon Allah, Kyallu! Ke da kike jawo zaren da zai zagaye gari daga audugar da ba ta cika tafin hannu ba, ashe kin kasa jawo gashin kanki ya wuce wuya?”

Mata suka kwashe da dariya. Dariyar wasa ce, da Kyallu ta taya su da an wuce wurin. Amma an taɓa ta a inda take taƙama, wato hannunta. Zuciya ta ɗebe ta, ta ajiye mazari ta ce, “Ku shaida. Kafin mu sake zama a gindin tsamiyar nan, gashina zai taɓa ƙuguna. In bai taɓa ba, ku kira ni da duk sunan da kuka ga dama.”

Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

A hanyar gida gashi ya raɗa mata, “Uwar ɗakina, kin yi alkawari da sunana ba ki tambaye ni ba.”

Ta ce, “To, yanzu na tambaye ka. Me zan yi maka ka yi tsawo?”

Ya ce, “Abin da kika saba. Ki ba ni ruwa, ki ba ni mai, a yi mini kitso sakwa-sakwa, a bar ni in huta. Ina tafiya ai, kullum ina ƙaruwa, ke ce dai ba kya gani.”

“Za ka kai ƙugu kafin baɗi?”

“Ba zan yi miki ƙarya ba. Zan kai inda na kai.”

Wannan amsa ba ta yi wa Kyallu daɗi ba. Ta zauna ta yi tunani, amma tunanin mai kaɗi ta yi, don shi kaɗai ta sani. Ta ce a ranta, ita auduga ai gajeriya ce, ja da nauyin mazari ne suke mai da ita dogon zare. Me yake ba mazari nauyi? Gululu, ɗan dunƙulen yumɓun nan da ake sa masa a gindi. Ashe in ta rataya wa kowane kitso gululu, gashi zai miƙe ya yi ta tafiya. Ta ƙara cewa, mai kaɗi ba ta taɓa mai, don mai yana ɓata zare, alli take shafawa. Kuma ba a jiƙa auduga, in ta jiƙe ruɓewa take yi. Saboda haka ta yanke wa gashinta mai, ta yanke masa ruwa, ta ce daga yau sai alli.

Kun ga inda wayo ya kai ta. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne a kan auduga.

Ta cika ƙwarya da gululu ta nufi gidan Gwaggo Dela, tsohuwar da take yi wa matan garin kitso tun suna 'yan mata. Ta ce, “Gwaggo, kitso nake so ƙanana, ki ja su tamau, ki ɗaura wa kowanne ɗaya daga cikin waɗannan.”

Gwaggo Dela ta dubi ƙwarya, ta dubi Kyallu, ta ce, “'Yar nan, kanki ne za a yi wa kitso ko masaƙa za a kafa?”

“Gwaggo, na yi alkawari a gaban mutane.”

“Na ji labari. Shi gashin me ya ce?”

“Ya ce zai kai inda ya kai.”

“To, ya fi ki gaskiya. Ni hannuna ba ya kitson da yake ɗage gira. Je ki nemi wata.”

Kyallu ta fita tana ƙunƙuni, ta sami wata mai ƙarfin hannu a bayan gari, ta yi mata yadda take so. Aka ja kitso har idanunta suka miƙe, aka ɗaura gululu, aka barbaɗa alli. In tana tafiya sai ka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas a bayanta kamar an saki jaki da kayan tukwane.

Gashi ya fara kuka. “Uwar ɗakina, saiwata tana ciwo.” Ta ce ya yi haƙuri. “Uwar ɗakina, ƙishirwa.” Ta ce zare ba ya shan ruwa. “Ni ba zare ba ne, ina da rai.” Da ya dame ta da magiya, sai ta yagi auduga ta toshe kunnuwanta biyu, ta huta. Ba ta kuma barinsa ya kwanta. Bini-bini ta tsefe, ta sa mataji ta finciki abinta a bushe, ta ɗauko kara ta gwada, ta sake kitsewa.

Abin haushi, da farko abin ya yi kamar yana ci. Nauyi ya ja gashi ya sauko ya wuce wuya. Matan gari suka gani, suka ce lalle Kyallu ta gano wani abu. Barmani ce ta fara bi, sauran suka ɗuru. Kafin ka ce kwabo gululu ya yi wuya a Rafin Taura, mazarai suna kwance babu nauyi, kawuna suna ta ƙara. Kowace mace ta sami kara ta jingine a bayan ƙofa, in an haɗu a rijiya babu gaisuwa sai, “Naki ina ya kai?”

Shi kuwa gashi ya gaji. Na gaban goshi, da yake shi ne mai laushi, shi ya fara tafiya. Yana sulalewa a hankali, ya bi iska ya nemi wurin da ba a gwada shi da kara. Wani ya sauka a wutsiyar doki, wani ya faɗa gona ya maƙale a bakin masara, ya ji daɗin wurin ya zauna. Gemun masarar nan da kuke cirewa kuna yarwa, to, ku dinga yi masa ladabi, baƙo ne daga kan matan Rafin Taura.

Ranar nan da hantsi Kyallu ta sunkuya za ta ɗebi ruwa a randa, sai ta ga fuskarta. Goshinta ya yi tafiya har tsakiyar ka. Ta kai hannu ta taɓa wani kitso, ya biyo hannunta gaba ɗaya da gululunsa. Ta cire audugar kunnenta, sai ta ji wata 'yar murya a shaƙe, da ƙyar take fita.

“Uwar ɗakina, da ma jira nake ki buɗe kunne in yi miki sallama. Mun ci gishirin juna, bai kamata in tafi ba ki sani ba. In iskar yamma ta taso, ni ma zan bi 'yan'uwana.”

Kyallu ta tsorata ƙwarai, ta kuma ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba, ta ruga gidan Gwaggo Dela ta zube a gabanta.

“Gwaggo, zai tafi! Ki roƙar mini shi.”

Tsohuwa ba ta ce “ai na gaya miki” ba, ko da yake maganar ta zo mata har baki, ni na san halin tsofaffi. Ta tashi ta ɗauki wuƙa, ta tsinko ganyen karkashi a bayan ɗaki, ta ɗauki kaskon man kaɗanya, ta ce, “Mu je rafi. Ba a sulhu da mai jin ƙishirwa.”

A bakin rafi ta zaunar da Kyallu a kan dutse. Ta yanke gululun nan ɗaya bayan ɗaya tana jefarwa. Ta murje karkashi a ruwa har ya yi yauƙi, ta zuba a kai, ta bar shi ya jiƙa. Ba ta ɗauki mataji ba. Da yatsu ta dinga warware kitson, tana farawa daga baki tana hawa sama a hankali, in ta haɗu da ƙulli ta tsaya ta lallashe shi. Alli ya fita, ruwan rafi ya yi fari. Gashi ya sha, ya sha, ya yi ajiyar zuciya. Sannan ta narka man kaɗanya a tafin hannunta ta bi shi tun yana da danshi.

Ta ce, “To, 'yar nan, yanzu yi masa magana. Ni ba na jin sa, ke ce za ki gaya mini abin da ya ce.”

Kyallu ta ce, “Na yi maka laifi. Ka yafe mini ka zauna.”

Gashi ya ce, “Ba ke kaɗai ba ce. Duk garin nan ido ya lalace, kowa gwada ni take yi. Muddin ana ganin tsawona ba za a bar ni in huta ba. Zan zauna, in kuma aika wa 'yan'uwana su dawo, amma da sharaɗi. Daga yau na daina nuna tsawona. Duk lokacin da na sha ruwa zan naɗe, in dunƙule, in ɓoye abina. Ke da mai yi miki kitso za ku iya ganin inda na kai, in kun bi ni da mai da lallami. Amma ranar da kika ja ni a gaban jama'a don a gani a yaba miki, ranar muka rabu.”

Kyallu ta maimaita wa Gwaggo Dela. Sannan ta ce wa gashi, “To alkawarin da na yi fa? In na je gindin tsamiya da kai a dunƙule, dariya za su yi mini.”

Gashi ya ce, “Za su yi.”

Gwaggo Dela ta ce, “Dariya ba ta aski, 'yar nan. Zaɓi ɗaya.”

Kyallu ta sunkuyar da kai ta ce ta yarda.

Gashi ya ce, “Saura ɗaya. Na yi ta magana kika toshe kunne. Zan ci gaba da yi miki magana har ranar gayya, don ki koyi halina. Daga nan zan rufe bakina. Wanda yake so ya san lafiyata ya tambaye ni da hannu.”

Yana gama faɗa, Kyallu ta ji kanta ya yi sakayau. Ta leƙa ruwa, ta ga ɗan abin da ya rage mata ya nannaɗe ya kwanta luf a kai. Ta ga ya fi na da gajarta nesa ba kusa ba. Hawaye ya zubo mata, amma da ta shafa ta ji laushi, sai hankalinta ya ɗan kwanta.

Daga ranar ta canza hannu. Ta karya karan gwaji ta sa a murhu. Gwaggo Dela tana yi mata manyan kitso sakwa-sakwa, a bar su su daɗe. In za ta wanke, karkashi. In ta wanke, mai tun bai bushe ba. Ba ta ƙara sa mataji a busasshen kai ba. In za ta kwanta ta ɗaure shi da ɗankwali mai santsi don kada tabarma ta ci shi. Gashi ya ce mata abin da ciki ya ci shi kai yake samu, ta ƙara wake da zogale a tukunya. Suka koma hirarsu ta da. Sannu a hankali na goshi ya fara dawowa, ƙanana-ƙanana kamar tsiron gero bayan ruwan fari. Wani lokaci in ana kitso Gwaggo Dela takan miƙar da wani sashe a hankali, ta yi murmushi, ta sake shi ya koma. Kyallu ta ce, “Gwaggo, ina ya kai?” Ta ce, “Ya kai inda ya kai.”

Damina ta wuce, auduga ta fashe, aka cire, ranar gayya ta zo. Mata suka hallara a gindin tsamiya, kowa ta ja ɗankwali har gira, don su ma sun sha wuyar gululu sun watsar, kowa tana ɓoye goshinta. Kyallu ta zo da wankakken kai, ta zauna ta ɗauki mazari.

Barmani ta ce, “To, mai alkawari, ga mu ga tsamiya. A buɗe mu gani.”

Kyallu ta zare ɗankwali. Ga gashi nan baƙi, cunkus, yana sheƙi, amma a dunƙule, ko kunne bai rufe ba. Wurin ya kaure da dariya. Wata har da riƙe ciki.

Barmani ta ce, “Wannan ne zai taɓa ƙugu? Ai bara ma ya fi haka! Ko dai a ciki yake? In da gaske akwai shi, ja mu gani.”

Kyallu ta san akwai shi. Ta san in ta kama sili guda ta ja, ko bai kai ƙugu ba zai sauka inda zai rufe bakin kowa. Dariyar tana yi mata zafi, zuciyarta tana cewa ja, sau ɗaya ne kawai. Hannunta ya tashi ya kai kanta, yatsunta suka nutse a ciki. Ta ji shi da sanyi, da laushi, da cika, ya kwanta a hannunta yana jira ya ga abin da za ta yi.

Ta sauke hannu ta ɗauki mazarinta.

Ta ce, “Barmani, na faɗi. Bai taɓa ƙugu ba. Sa mini sunan.”

Barmani ta ce, “Daga yau ke ce Kyallu Mai Hula!”

Aka sake dariya, wannan karon har da Kyallu, don da ta furta ta faɗi sai ta ji nauyin ya sauka. Sunan kuwa ya bi ta har tsufanta, tana amsawa da fara'a. Ana cikin dariyar ne ta ji 'yar muryar nan dab da kunnenta, a hankali, cike da jin daɗi.

“Uwar ɗakina, na zauna.”

Wannan ita ce magana ta ƙarshe da gashi ya yi a duniya. Kafin a tashi daga gayyar, Barmani ta matso kusa da ita, ta ɗan ɗaga ɗankwali ta nuna mata goshinta, ta ce ƙasa-ƙasa, “Mai Hula, don Allah me kike shafawa?” Kyallu ta ce ta zo da safe su je rafi.

Shi ya sa har yau in gashinmu ya sha ruwa sai ya naɗe ya ɓoye tsawonsa, ba ya nuna shi sai ga hannun da ya bi shi da mai da lallami. Kuma shi ya sa ba ya kuka in an cuce shi. Za a ja shi ya yi shiru, a hana shi ruwa ya yi shiru, sai dai wata rana ki duba mataji ki tarar ya yi miki sallama. Saboda haka in kin wanke kai kin ga ya dunƙule, kada ki ɓata rai. Ya sha ya ƙoshi ne, yana gaya miki ya zauna.